Saman teburi ya dare bayan wata huɗu: laifin gam ne ko na haɗi?

Mai Koyon Kafinta

Assalamu alaikum, iyayen gidana a sana'a. Ina roƙon a duba min wani aiki da ya lalace, a nuna min inda kuskuren yake kafin a sake yin irinsa.

Babban teburi ne. Tsawon samansa milimita 1800, faɗi 900, kauri 30. Falanki biyar aka jera, kowanne faɗin milimita 180, aka haɗa su gefe da gefe da farin gam, da turakun katako shida-shida a kowane haɗi. A ƙarshen teburin nan biyu an gicciya katako mai faɗin milimita 70 don ya rufe bakin falankan, an shafe shi da gam tun daga wannan gefe har wancan, an ƙara da kusoshi. Daga nan aka ɗora saman a kan firam, aka sa gam, aka ɗaure da sukuru 14 ta ƙasa. Banish shafi uku a sama, ƙasan kuwa ba a shafa masa komai ba. Katakon an ce busasshe ne, a hannu ma ba a jin sanyin ɗanye, kuma kwana uku da sauke shi aka fara aiki.

Bayan wata huɗu a ɗaki mai na'urar sanyaya iska, falankin tsakiya ya dare daga baki, tsagar ta yi tafiyar santimita 35, bakinta ya buɗe milimita 4. Haɗi ɗaya ya saki a ɗaya kan. Falankin gefe kuma ya yi kwari, idan aka gicciya rula ana ganin haske kamar milimita 3 a tsakiyarsa.

Shin gam ɗin ne ba shi da ƙarfi? Da an ƙara yawan sukuru da ya hana? Kuma wannan ɗin zai gyaru, ko sai dai a cike tsagar da garin katako da gam a sake banish? Allah ya saka da alheri.

Tsohon Kafinta

Wa alaikumus salam, ɗana. Bayaninka ya fito sarai, kuma amsar tana cikinsa. Gam bai yi laifi ba. Da gam ne ya gaza, da haɗin ne zai saki tun daga kai har kai, ka ga gefen falankin sumul. Amma katakon ne da kansa ya dare a tsakiyar falanki, wato gam ya riƙe har ya fi ƙarfin itacen. Abin da ya kashe aikin shi ne an ɗaure katako mai son tsukewa a jikin abin da ba ya tsukewa.

Katako yana shan danshin iska yana kuma sakinsa muddin yana nan, ko ya shekara hamsin a ɗaki. Idan ya sha ya kumbura, idan ya saki ya tsuke. To amma ba ta kowane ɓangare yake yin haka daidai ba. Ta tsawo, wato bin jijiya, kusan ba ya motsi: daga ɗanye shar zuwa bushewa ƙarƙaf bai wuce kashi 0.1 zuwa 0.2 cikin ɗari ba. Ta faɗi kuwa, ƙetaren jijiya, yawancin itatuwa suna tsukewa kashi 4 zuwa 10 cikin ɗari, wasu har su haura. Saman teburinka yana son rage faɗi, katakon da ka gicciya a kai da sandunan firam na gajeren ɓangare kuma tsawonsu ne ke kwance a wannan layin, ba za su bi shi ba. Gam da kusa da sukuru sun hana shi tafiya, sai ya nemi inda ya fi rauni ya buɗe.

Ga lissafin da ya kamata kowane kafinta ya riƙe a ka. Katako ba ya fara tsukewa sai danshinsa ya sauka ƙasa da kusan kashi 28 zuwa 30 cikin ɗari. Daga nan, a falankin da aka tsaga yadda aka saba, duk saukar maki 4 na danshi tana cin kusan kashi 1 cikin ɗari na faɗinsa. A ɗakin da danshin iskarsa yake kashi 50, katako yana tsayawa a wajen kashi 9. Idan iskar tana kashi 65, yana tsayawa a 12. A kashi 80, wajen 16. Idan ta bushe zuwa kashi 30, ya sauka wajen 6. To a ce katakonka yana kashi 18 ranar da ka haɗa, abin da ya zama ruwan dare a katakon da aka shanya a waje bai gama ba, ɗakin kuma ya ja shi zuwa 9. Maki tara ke nan, kashi 2 da ɗan ɗoriya na milimita 900, wato kusan milimita 20. Ka ga tsagar milimita 4 kaɗan ce daga abin da katakon yake bi bashi. Sauran yana nan a ɗaure cikin falankan, shi ya sa nake zaton bai gama darewa ba.

Taɓawa da hannu ba ta gaya maka komai. Fatar falanki tana bushewa cikin kwanaki, cikinsa kuma yana nan da ruwa wata da watanni. Hanya uku ake bi a sani.

Mafi sauƙi ita ce mitar auna danshi mai allura biyu. Kada ka caka ta a bakin falanki, nan ne ya fi ko'ina bushewa. Yanke aƙalla santimita 30 daga baki, ka caka a tsakiyar sabon yankan, a falanki uku ko huɗu daban-daban. Idan wani ya nuna 11 wani ya nuna 17, kada ka haɗa su a aiki ɗaya.

Idan babu mita, sikeli da obin sun fi ta ma gaskiya. Yanki guntu mai tsawon milimita 25 daga can cikin falanki, ka auna nauyinsa nan take, ka sa a obin a zafin digiri 103 na ma'aunin Selshiyas, kana fitarwa kana aunawa har nauyin ya daina sauka. Ka cire busasshen nauyi daga na farko, ka raba da busasshen, ka ninka da ɗari. Giram 118 da ya koma giram 100, kashi 18 ke nan.

Ta uku ba ta buƙatar komai sai haƙuri: ajiye falankan a irin ɗakin da teburin zai zauna, ka zaɓi ɗaya kana auna nauyinsa duk mako kana rubutawa a jikinsa da fensir. Ranar da ya yi mako biyu ko uku bai ragu ba, ya daidaita da ɗakin. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda ya karɓi aikin teburi na kwana goma da katakon da aka sauke jiya, filawud ya kamata ya yi wa magana, ba falanki ba.

Jerin shanyar ma da ƙa'idarsa. A ɗaga daga ƙasa kamar santimita 30, a sa siraran sanduna busassu masu kaurin milimita 20 zuwa 25 tsakanin kowane layi, tazarar santimita 40 zuwa 60, kowace sanda daidai saman ta ƙasanta, in ba haka ba nauyin jerin ne zai lanƙwasa falankan. A inuwa, inda iska ke ratsawa, a ɗora nauyi a sama. Bakin falankan a shafe su da kaki ko tsohon fenti mai kauri, saboda ta nan ruwa ke fita da sauri fiye da ko'ina, kuma ta nan tsaga ke farawa.

Sai ka duba bakin falankin da ya dare. Idan ka ga zoben shekarun itacen sun zagaye wani ɗigo a cikin falankin, ko dab da fuskarsa, to cibiyar itacen tana ciki. Falanki mai cibiya zai tsage ko da ba a ɗaure shi da komai ba, domin itace ya fi tsukewa ta bin zobe fiye da ta ƙetare zobe, kusan ninki biyu. Irin wannan a tsaga shi biyu, a zubar da milimita 20 zuwa 30 na tsakiya. Guda biyun da suka rage, zobensu a tsaye yake, kuma su ne falankan da suka fi kowanne zama lafiya, motsinsu kusan rabin na sauran.

Mai Haɗa Kujeru da Tebura

Baba ya gama magana kan danshi. Abin da zan ƙara shi ne, ko da katakon ya bushe daidai, teburin nan da wannan ɗaurin sai ya ba da matsala, sai dai ya ɗau shekara biyu a maimakon wata huɗu. Tsakanin lokacin da iska ke da laima da lokacin da ta bushe, danshin katako a cikin ɗaki yakan yi sama da ƙasa da maki 3 zuwa 5, a wasu wuraren fiye. Maki 4 a faɗin 900 milimita 9 ne, kowace shekara, je ka dawo. Don haka tambayarka ta ƙara sukuru, ɗan'uwa, amsarta a'a ce. Ƙarin sukuru ƙarin wurin tsagewa ne.

Gam ba ya shiga tsakanin saman teburi da firam ko ɗigo. Ana riƙe saman ne ta yadda ba zai ɗagu ba amma zai iya zamewa gefe. A gajerun sandunan firam, waɗanda suka gicciya faɗin, huda rami zagayayye ɗaya a tsakiya cif, nan ne kaɗai za a ɗaure tamau, don saman ya riƙa motsi daidai ta hagu da dama. Sauran ramukan a ja su su yi tsawo, tsawon yana kallon faɗin teburin. Na kusa da tsakiya milimita 8 ya isa, na can gefe 12 zuwa 15. Sukurun ya zama mai shimfiɗaɗɗen ƙarƙashin kai, da washa. Mai kai irin mazurari yana nutsewa cikin katako ya kafe wuri ɗaya, dogon ramin ya tashi a banza. A ɗaure har washa ta kama, a tsaya nan. Sukuru mai kaurin milimita 4 ko 4.5, kada ya shiga saman fiye da milimita 20 cikin 30 ɗin, kuma a fara huda masa hanya da siririn bakin injin huda, a naɗa tef a bakin don kada ya ɓullo ta sama.

Inda za a zaunar da sukurun cikin dogon ramin ya danganta da lokacin haɗawa. Idan ana haɗi a lokacin laima, saman yana cikakken faɗinsa, nan gaba ciki zai ja, sai a sa sukurun a ƙarshen ramin na waje. Idan a lokacin bushewa ne, a sa shi ta ciki. Mutane da yawa suna jan rami da kyau, sannan su sa sukurun a ƙarshen da ba shi ba.

Hanyar da na fi yarda da ita ita ce ta 'yan maɓallan katako. Kafin a haɗa firam, a yanka tsagi a cikin sandunan, faɗin milimita 6, zurfin 10, kamar milimita 12 ƙasa da bakin sama. A yanka 'yan guntaye na katako mai tauri, wajen 45 da 30 da 20, kowanne da harshe mai shiga tsagin. Jijiyar guntun ta nufi harshen, idan ta gicciya harshen zai ɓalle da ɗaurin farko. Kafaɗar guntun ta gaza tazarar tsagin da kamar rabin milimita, ta yadda idan aka ɗaura sukuru zai jawo saman ƙasa ya manne da firam. A dogayen sanduna kada harshen ya kai ƙarshen tsagi, a bar milimita 4 zuwa 5, domin nan motsin shiga da fita ne. Maɓalli ɗaya duk santimita 30 zuwa 40. Akwai na ƙarfe masu siffar Z da ake sayarwa, aikinsu ɗaya. Idan firam ɗin na ƙarfen walda ne, dokar ba ta canza ba, a ja ramukan da fayil, wato magagarin ƙarfe.

Katakon da ka gicciya a kai shi ne babban mai laifi, ya fi sukurun. Idan ana son sa, a fitar da harshe a bakin saman, kaurinsa sulusin kaurin katako, wato milimita 10, tsawonsa 25 zuwa 30, a yi masa gurbi a jikin na gicciyen. Gam a tsakiya kawai, santimita 10 zuwa 15. Sauran a riƙe da turaku masu ratsawa daga ƙasa, ramin da ke jikin harshen a ja shi ta gefe, turken kuma gam ya taɓa shi a ƙarshensa kawai inda ya shiga na gicciyen. Kuma a gaya wa mai teburin tun farko cewa wani lokaci na shekara bakin zai zarce da milimita biyu ko uku, wani lokaci ya shige. Wanda ba zai jure ganin haka ba, a bar masa bakin falanki a buɗe, a goge shi da kyau. Firam mai gajerun sanduna uku, biyu a kai ɗaya a tsakiya, ya isa ya hana saman yin kwari.

Mai Koyon Kafinta

Na gode ƙwarai, Baba, na gode Oga. Na duba bakin falankin da ya dare, lallai cibiyar tana nan dab da fuskar ƙasa. Saura abu biyu. An ce a riƙa juya falankan, wannan zobensa ya kalli sama, na kusa da shi ya kalli ƙasa, shin dole ne? Sannan rashin banish a ƙasa, shi ne ya jawo kwarin da falankin gefe ya yi?

Mai Banish da Fenti

Ƙanena, bari in ɗauki ta biyun, don nan ake yawan ɗora wa banish abin da ba zai iya ba. Babu shafin da ke hana katako shan danshi ko sakinsa. Jinkirta shi kawai yake yi. Mai kauri irin banish ɗin foliyuretan yana jinkirtawa sosai, man da katako ke tsotsewa kuwa kaɗan yake tarewa. To idan sama na da shafi uku ƙasa babu, kuma katakon bai gama bushewa ba, ƙasan zai riga saman bushewa, ya tsuke, falankin ya yi doro a sama. Kai kuma ka ce kwari ya yi a sama. Saboda haka rashin banish a ƙasa ba shi ne ya jawo wannan ba. Duba bakin falankin: na fi zaton ɓangaren bawon itacen ne ke kallon sama. Falanki idan yana bushewa, zobensa miƙewa suke son yi, sai gefensa biyu su ɗago ta ɓangaren bawo.

Akwai kuma wani kwarin da ke zuwa daga baya, bayan shekaru, a teburin da ake yawan gogewa da jiƙaƙƙen tsumma bayan banish ɗin ya fara tsattsagewa. Fatar sama ta jiƙe tana son kumbura, busasshen katakon da ke ƙarƙashinta ya hana ta, ƙwayoyin itacen su matse juna, idan ta bushe sai ta koma ƙasa da faɗinta na da. A hankali saman ya yi kwari. Maganinsa sabunta shafi kafin ruwa ya sami hanya.

Duk da haka a shafa ƙasan, yawan shafi ɗaya da na sama, kuma kafin a ɗora a firam. Bakin falanki a ba shi ƙarin shafi biyu, yana sha kamar soso. Guga da sanfefa lamba 80, sai 120, sai 180, bin jijiya, kada a tsallake lamba. Shafin farko a sirka shi da kashi 10 zuwa 20 na ruwan sirkinsa don ya shiga, tsakanin shafi da shafi a bi da lamba 320 sama-sama a share ƙura. Kuma kada a kwantar da saman da aka gama gogewa a kan benci ya kwana fuska ɗaya a rufe. Kafin safiya zai iya lanƙwashewa. A ɗora shi kan sanduna iska ta ratsa ta ko'ina.

Wani abu da ba a wasa da shi: tsumman da aka shafa wa katako man linsid da shi, idan aka dunƙule aka jefa kwandon shara, yana iya yin zafi da kansa har ya kama wuta. A baza shi a waje ya bushe ƙamas, ko a nutsar da shi cikin ruwa a gwangwani mai murfi.

Tsohon Kafinta

Maganar Hajiya mai banish haka take. Game da juya zobe, ba dole ba ne, kuma an fi ba shi muhimmancin da bai kai ba. Idan ka juya ɗaya sama ɗaya ƙasa, in sun motsa za ka sami saman da ya yi tudu da kwari kamar kwanon rufi, wanda ba ya dannuwa. Idan duk suka kalli wuri ɗaya, ɓangaren cibiya a sama, saman gaba ɗaya zai so yin doro guda a tsakiya, wanda sukurun tsakiya da maɓallan da aka kwatanta maka za su danne cikin sauƙi. Ni dai na fi son a zaɓi fuskar da ta fi kyau, a lura jijiyar duk falankan ta kwanta ta ɓangare ɗaya don kada wajen ferewa wani ya yi sumul wani ya ɓantare. Abin da ya fi juya zobe amfani shi ne rage faɗin falanki: 100 zuwa 130 ya fi 180 zama lafiya a katakon da ba ka yarda da shi ba.

Turakun da ka sa a haɗi ba su ƙara ƙarfi ba. Amfaninsu su daidaita fuskokin kada su zame lokacin matsi. Idan ramin turke ya gaza zurfi, ko gam ya cika shi, turken ne ma zai hana haɗin rufewa. Bar milimita 2 a ƙarshen kowane rami.

Yanzu gyara. Garin katako da gam kada ka fara. Tsagar tana buɗewa tana rufewa da yanayi, cikon zai zube, ko kuma ya zama weji ya ƙara tura ta gaba lokacin da katakon ya kumbura.

Kwance sukurun duka. Katakon gicciye da inda gam ya kama firam, hura musu zafi da bindigar zafi, farin gam yana laushi da zafi, ka bi da siririn ƙarfe a hankali. Idan na gicciyen ya ƙi, yanke shi da zarto, asarar santimita bakwai a kowane kai ta fi ɓantare fuskar. Ɗora saman a kan sanduna a cikin ɗakin nan mako uku zuwa huɗu, kana auna faɗinsa duk mako a wuri ɗaya. Za ka ga tsagar ta ɗan rufe da kanta da zarar an sake shi. Sai faɗin ya tsaya za ka taɓa shi.

Daga nan tsaga da zarto a kan layin haɗin da ya saki, tun daga kai har kai. Sabon gam ba ya kama busasshen tsohon gam, dole sai an kai ga sabon katako a gefe biyun. Falankin tsakiya ka fitar da shi, ka zubar da cibiyar kamar yadda na faɗa, tsagar ma ta tafi da ita. Mai kwarin ka raba shi biyu ta tsakiya, kwarin milimita 3 zai koma ƙasa da milimita 1 a kowane rabi, abin da ferewa kaɗan za ta ɗauke. Duk yanka yana cin wajen milimita 3, gyaran gefe ya ci wasu 2 ko 3, ga abin da bushewa ta ci, ga cibiyar da aka zubar. Za ka buƙaci ƙarin falanki ɗaya mai faɗin 60 zuwa 70 daga irin katakon, wanda ya zauna a ɗakin tare da su. Wajen fere fuska, ɗebi daidai wa daida a sama da ƙasa, kuma kada ka kai kaurin ƙarshe a rana ɗaya. Bar milimita 2, a kwana uku a kan sanduna, sannan a ƙarasa.

Gefen da za a haɗa, jera su ba gam ka haska fitila ta baya. Haske a baki biyu ba a yarda da shi ba ko kaɗan, shi ne ke buɗewa daga baya. Ɗan haske a tsakiya, wanda bai kai rabin milimita ba kuma matsin hannu ke rufewa, wannan alheri ne, yana sa bakin ya matsu sosai. Fere gefen da sa gam su zama rana ɗaya. Katako mai maiƙo irin na itacen tik a goge gefen da asiton, ruwan nan mai cire maiƙo, kafin gam.

Farin gam yana ba ka minti 5 zuwa 10 kafin ya fara yin fata, don haka kada ka haɗa falankan duka a tashi ɗaya. Biyu-biyu ko uku-uku, sannan a haɗa manyan. Ƙarfen matsi duk santimita 25 zuwa 30, ɗaya ta sama ɗaya ta ƙasa, in duk suna ɓangare ɗaya saman zai tanƙware. Gicciya miƙaƙƙun sanduna sama da ƙasa a wuri uku, ka manna musu tef don kada gam ya kama su. Matsa har ka ga 'yan ɗigon gam sun jeru a kan layin kamar tsakiya a zare. Idan babu ɗigo gam ya yi kaɗan, idan yana kwarara ya yi yawa. Bayan minti 20 zuwa 30, ya zama kamar roba, kankare shi. Goge shi da jiƙaƙƙen tsumma yana tura shi cikin katako, banish ya ƙi kama wurin. Awa ɗaya a matsi ta isa a haɗin da ya zauna daidai, amma ba a wahalar da shi sai bayan awa 24.

Kada ka yi gugar ƙarshe washegari. Ruwan gam yana kumbura katakon da ke bakin layin. Idan ka goge shi a kumbure, bayan ya bushe layin zai lotsa, kuma sai an sa banish mai sheƙi za a gan shi a kowane haɗi. Ba shi kwana uku zuwa biyar.

Mai Haɗa Kujeru da Tebura

Ƙari ɗaya a kan gyaran Baba, saboda wanda tsagarsa take a falanki mai faɗi guda da ba a son a raba. Bayan an sake shi ya daidaita, ana dasa ƙulli mai siffar malam-buɗe-littafi a gicciyen tsagar, na katako mai tauri, jijiyarsa ta bi tsawonsa, kaurin milimita 10 zuwa 12 a saman mai 30. A fara yanka ƙullin, a ɗora a zana gefensa da wuƙa, sannan a haƙa gurbin, ba a fara da gurbi ba. Ɗaya kusa da baki, ɗaya dab da inda tsagar ta ƙare. Bayan haka ne za a iya cika ta da efoksi, wato gam mai ruwa biyu da ake gaurayawa, a manna tef ta ƙasa don kada ya zube, a zuba sau biyu saboda na farko yana nutsewa.

Tsofaffin ramukan sukuru 14 da ke ƙasan saman, a cike su da turaku da gam, a huda sababbi aƙalla milimita 20 nesa da su.